Teburin da Aka Mai da Babana Mai Gadi

Babana bai taɓa kai loma baki ba alhali wani na tsaye yana kallonsa. A Gangara haka muka tashi: duk wanda ya iske ka kana ci, sai ka ce masa bismilla, kuma da gaske kake. Da wannan halin ya shiga gidan abinci mafi tsada a Damagaram, ni kuma ina biye da shi.

Mun je birni ganin likitan ido ne, muka biya ta wurin aikin ɗan ƙanensa, maraya da ya tashi a gidanmu, ya ci tuwon uwata har ya gama lakwal, wato makarantar boko. Yaya nake ce masa. Muka iske shi zai fita cin abincin rana da manyansa biyu, ɗaya Bature. Baturen ya ce a tafi da mu. Na ga fuskar Yaya ta yi kamar an ba shi maɗaci.

Wurin sanyi kamar cikin randa. Farin ƙyalle a kan teburi, kowa an jera masa wuƙaƙe da cokula har ka rasa wanda za ka ɗauka. Aka kawo nama yanka uku a tsakiyar faranti mai faɗin faifai, an ɗiga masa miya a gefe. Baba ya naɗe hannun riga, sai ya lura da mai kawo abincin, wani magidanci mai furfura, ya kame a bayansa.

"Malam, matso mu ci," in ji Baba.

Mutumin ya yi murmushi, ya ce an gode. Baba ya tura farantin gefensa, ya jawo masa kujera. "Haba, ina ci kana tsaye? Sa hannu ko loma ɗaya ce."

Baturen ya tambayi Yaya wane ne wannan dattijo. Yaya ya yi dariya, ya amsa da Faransanci cewa mai gadin gidansa ne, ɗan daji, a yi haƙuri da shi. Ya manta ni ma na yi lakwal, ko kuma bai damu ba.

A hanyar tasha Baba ya ce, "Me ya faɗa wa Nasaran, na ga suna dariya?" Na ce, "Cewa ya yi kai ka raine shi." Baba ya yi ta gyaɗa kai. Ya koma Gangara ya ba liman labari, ya ba maigari, ya ba duk wanda ya zauna a tabarmarsa, cewa yaron nan ya ɗaukaka shi a gaban Turawa. Har ya rasu bai daina ba. Duk lokacin da na ji, sai in tashi daga wurin. Na tsani Yaya, kuma ban taɓa roƙon Allah ya cire mini ba.

Bayan shekaru Yaya ya so zama magajin garin karkararmu. Ya aika mota ta kwaso maigari da liman da dattawa uku zuwa Damagaram, wai zai karrama su, a wannan gidan abincin dai. Ni ma ya kira ni, don ɗiyar mamaci ta yi masa shaida. Na sa zanena mafi kyau, na tafi da murnata.

Aka jera farantai. Yaya ya miƙe yana magana a kan Baba, har da share ido. "A nan na kawo shi," ya ce, "kun ji daga bakinsa. Ƙanwata, faɗa musu."

"Zan faɗa, Yaya," na ce. Na dubi maigari. "Ranka ya daɗe, a teburin can ne. Baba ya kira mai kawo abinci su ci tare. Nasara ya tambayi wane ne, Yaya ya ce mai gadinsa ne, ɗan daji. Abin da Baba ya yi ta ba ku labari, ni na ƙirƙira masa a hanyar tasha."

Yaya ya ce wasa nake. Na ce ga liman nan, in ƙarya nake yi Yaya ya rantse a gabansa.

Bai rantse ba. Maigari ya dubi farantinsa, ya tura shi tsakiyar teburi da bayan hannu. Liman ya tura nasa. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe, babu wanda ya taɓa ko ruwa. A wurinmu in dattawa suka ƙi abincin mutum, magana ta ƙare.

Ni kuwa na zauna. Na kawar da cokulan, na sa hannu, na ce wa mai kawo abincin bismilla, na cinye nawa tas a gaban Yaya. Ban taɓa cin nama mai daɗin wannan ba.

A mota liman ya ce, "Ɗiyata, da kin bar wa mahaifinki labarinsa."

Na ce, "Allah gafarta malam, shi ya tafi da nasa, ya ji daɗinsa. Wannan na Yaya ne, ajiya na yi masa."