Mallam Abatcha da Tambayoyi Biyu Masu Amsa Ɗaya

Duk wanda ya san Mallam Abatcha Gana a Potiskum ya san ba ya zama. Da ya idar da sallar asuba sai ya ɗare kekensa, fensir a kunne, ya biya asibiti ya ji wa aka kwantar, sannan ya isa ofishin ƙididdigar lafiya yana mitar rana ta yi. Ko shayi a tsaye yake sha, shi ya sa kujerar da aka ba shi tun shekarun sittin har yau sabuwa ce. A wannan watan zai ajiye aiki, kuma rashin adalci ne a bar shi ya tafi shiru.

A tsakiyar shekarun saba'in kurkunu ya kwantar da manoman ƙauyukan hanyar Gadaka, ƙafafu a kumbure, gonaki cike da ciyawa. Da rani motar haƙa burtsatse ta zo, amma rijiya ɗaya tak za ta haƙa, kuma da saukar damina za ta wuce. A ina za a haƙa? Abatcha ya tura ma'aikata su rubuta ƙauyen kowa, irin ruwan da yake sha, da ko ya kamu ko bai kamu ba. Aka aika katunan amsoshin zuwa Zariya, domin injin lissafi ya auna abin da ke ƙara yiwuwar kamuwa. Injin ya ƙi. Wai tambayar ƙauye da tambayar ruwa amsa ɗaya suke bayarwa, ba zai iya raba su ba.

Gregory, abokin aikinsa mutumin Binuwai, ya ce, "Mallam, a cire ɗaya kawai a mayar. Haka ake yi."

"Haka ake yi idan da gaske ɗaya ne," in ji Abatcha, yana zarya tsakanin taga da ƙofa. "In na cire ruwa, rahoto zai ce ƙauyen ne cuta. To, amma ka taɓa ganin garin da kowa da kowa ke shan ruwa iri ɗaya?"

Ya tsare ma'aikatan da tambaya har suka faɗa. Ashe duk maza ne, ba sa shiga gida, kuma ladabi ya sa duk inda suka je sai su sauka zauren bulama, shugaban ƙauye. Abin da bulama ya ce shi suke rubuta wa kowa. Wane bulama ne zai ce wa baƙo mutanensa ruwan tafki suke sha?

Hadari ya fara haɗowa ta gabas, direban motar ya fara ɗaure kaya. Abatcha ya roƙi Mairam ungozoma ta shiga gidaje ta tambayi masu ɗebo ruwan, shi kuwa yana waje, ya zauna ya miƙe, ya zagaya keke. Ta fito tana dariya. "Mallam, rijiyar garin da bulama yake faɗa ta shan baƙo ce. Ranar aikin gona, kowa a tafkin kan hanya yake cika gora."

Da sababbin amsoshin suka isa Zariya, tambayoyin biyu suka rabu, injin ya nuna tafkin ƙarara. A bakin hanyar gona aka haƙa burtsatsen, yayyafin farko yana sauka a kan masu haƙa. Kurkunu ba ya sakin gari da wuri, amma da shekara ta zagayo ta sake zagayowa, mutanen da ake ɗauka a kan jaki da ƙafarsu suka je huɗa.

Kai ne, Mallam Abatcha, ka ƙi goge tambaya sai ka san abin da ya sa ta zama kwafin 'yar'uwarta. Sarkin zarya, mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma matasan da za ku gaje shi, in inji ya ce abu biyu ɗaya ne, kafin ku cire ɗaya ku je ku ga wa aka tambaya.

Mutanen hanyar Gadaka sun miƙe, Mallam. Yanzu sai ka zauna.