Kududdufin Yaya Altine Yana Nan, Kwaɗi Sun Dawo

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Altine, manomin albasa a fadamar Danchadi. Allah ya jiƙansa. Ruwan farko na bana ya sauka a makon jiya, na baro Bodinga na je lambunsa da hantsi, na tarar da kududdufin da ke kusurwar gabas ya kawo ruwa. Kwaɗi sun rufe bakinsa, wani a bayan wani, ƙwansu ya nannaɗe a jikin ciyawa kamar zaren yauƙi mai ɗigon baƙi. Na daɗe a tsaye ina kallo.

Kududdufin ba wani abin kallo ba ne. Rami ne da mahaifinmu ya haƙa yana ɗibar ƙasar gini. Muna yara, kowace damina kwaɗi ke zuwa su hayayyafa a ciki, mu kuma mu yi ta kamun talibambam da ƙoƙo. Da maganin feshi ya shigo fadama, sai maƙwabta suka mai da wurin mawankar tankunansu. Wata safiya Yaya ya tarar da kwaɗi birjik a kan ruwa, ciki sama. Damina biyu ta wuce ba a ji kukan ko ɗaya ba.

Wani zai ce mene ne abin damuwa a mutuwar kwaɗo. Yaya bai ga haka ba. Ya kewaye ramin da ƙaya, ya kwashe taɓon da ya gurɓata da hannunsa, ya hau keke har Horo Birni ya ɗebo talibambam a jarka. Aka yi masa dariya a kasuwa, aka laƙaba masa Sarkin Kwaɗi. Maƙwabta suka kai ƙara wurin mai gari, wai ramin sauro yake tara musu. Ina wurin, na ji amsarsa: "Ranka shi daɗe, halittar ga ta riga mu zama wurin nan. Mu munka kashe ta. Ba ni cike ramin ga ina da rai."

Bai cike ba. Sai dai bai ga sakamakon wahalarsa ba. Zubin farko ya mutu, na biyu kaɗan suka rayu. Ciwon ajali ya kama shi da rani, muka binne shi ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka. A daminar nan ce kwaɗi suka dawo da ƙafarsu, da yawan da har matarsa, Yaya Kulu, ta toshe baki tana kuka.

Da zai leƙo yau, me zai ce? Zai ga injin ban ruwa a kowane lambu, zai ga tafkunan da muka yi iyo a ciki an cike su an dasa albasa. Na san zai yi murna da albarkar da mutane suka samu, don bai taɓa ƙin ci gaba ba. Amma zai tambaya me ya sa fadama ta yi tsit haka.

Bara, babban ɗansa Bello ya kawo tifar ƙasa zai cike ramin, ya ƙara fangalin albasa. Ban zarge shi ba, iyali sun yi masa yawa. Yaya Kulu ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a bakin ruwan ta zauna. "Bello," in ji ta, "in ka matsu, ka juye a kaina." Direba ya kashe mota, ya dubi Bello, Bello ya dubi ƙasa. A ƙarshe hanyar shiga lambu aka gyara da ƙasar.

Yaya Altine bai bar gidan sama ba, ba a sa sunansa a jikin titi ba. Abin da ya bari rami ne mai rai, da mutanen gida da suka koyi cewa a'a daga wurinsa. Har yanzu masu shawara ba su daina ba, kowace shekara sai an sake kawo maganar. To ga amsarmu a rubuce, kowa ya karanta: duk mai niyyar cike kududdufin nan ya zo da motarsa, zai same mu zaune a bakin ruwa.