Zane Mai Hoton Ɗan Takara

Shekarar da gero ya ƙi a garinmu, kusa da Gidan Amumune, wani ɗan takarar depite ya zo ya raba wa mata zannuwa masu hotonsa. Innata ta ɗaura nata, ta yi masa guɗa har muryarta ta dushe.

Bayan zaɓe muka ji a rediyo cewa hatsin agajin da aka turo mana ya sayar, ya yi yawon neman ƙuri'a da kuɗin. Ashe abincinmu muka ɗaura a ƙugu muna rawa! Da damanar nan muka rufe ƙanwata.

Inna ba ta zage shi ba. Ta ninke zanen ta sa wa jaki ƙarƙashin akumari, kuma har ta rasu ba ta ƙara dangwala wa kowa ba.