Injin Gidanmu Ya Yi Shiru

Allah ne Ya ba mu, kuma Shi ne Ya karɓi abinSa. Da hantsin Talata, tara ga watan Mayu, ƙanina da unguwa ta sani da Mai Agogo ya rasu, yana da shekara talatin da huɗu.

Ƙanina, tun kana ƙarami likitocin yara suka ce galahanga gare ka. Mu dai a gida kai muka sani, ba sunan ba. Ba ka kallon mutum ido cikin ido, hayaniya tana sa ka toshe kunne. Kana da wani ɗan amo da kake yi a maƙogwaro tun daga tashi har kwanciya. Mama takan ce, "To, injin ya tashi, a ɗora ruwan zafi." Muddin injin na aiki, mun san lafiyarka lau.

Teburinka na nan a bakin ƙofa, da ɗan gilashin da kake maƙalawa a ido. Ba ka taɓa yi wa kowa ƙarya ba, ko ta kara. Ranar da maigidana ya zo yana taƙama da sabon agogo a gaban baƙi, ka juya shi sau ɗaya ka ce, "Jabu ne." Har yau abokansa na tsokanarsa. Amma kai ka zauna ka gyara masa jabun har ya yi shekaru yana aiki. Tsohuwar maƙwabciyarmu da idonta ya mutu, kullum sai ka leƙa ka gaya mata lokacin shan magani ya yi. Ba wanda ya sa ka.

Ana cikin haka wata safiya injin bai tashi ba. Ka zauna a teburinka shiru, ka ƙi abinci. Mama ta ce, "Ɗauki mayafinki, yaron nan ba lafiya."

A da, a ɓangaren yara na asibiti, akwai wata ma'aikaciyar jinya da takan rage maka hasken fitila, ta bar ni in tsaya kusa da kai. Da ka girma aka mai da katinka ɓangaren manya, kamar galahanga riga ce da ake tuɓewa in an yi gemu. Can kuwa zaure ne cike da jama'a, lasifika na kiran suna, fitilu na ƙuna. Ranar da muka kai ka, ka kasa zama, muka fita gindin bishiya. Aka kira sunanka ba mu ji ba, aka ce mu dawo gobe.

Washegari na tsaya a layi a madadinka. Da aka zo kanka na kama hanyar shiga, mai tsaron ƙofa ya tare ni.

"Hajiya, ƙaton nan ne sai an raka shi? Goya shi za ki yi?"

Na ce, "Malam, ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo."

Ya ce doka ce, babba shi kaɗai yake shiga.

Ba ka jima ba ka fito da ƙwayar ciwon ciki. Likita ya ga mutum zaune tsaf, ba kuka ba nishi, ya sallame ka. Shirun da ya tayar mana da hankali shi ya kwantar da nasa. Da an bar ni na shiga, magana ɗaya zan yi: mutumin nan in ya yi shiru, to abin ya kai. Da ka faɗi muka dawo da kai a sume, sai ga shi an buɗe mana ƙofa mu duka. Suka ce wani ɗan hanji ne ya kumbura ya fashe. Har wani ya ce da ni, "Me ya sa ba ku kawo shi da wuri ba?"

Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma ba Allah ne Ya rufe ƙofar nan ba. Kujera a wuri mai shiru, da mai leƙowa waje ya kira suna, da barin ɗan'uwa ya shiga, wanne ne a ciki ya fi ƙarfin asibiti?

Babban ɗana, wanda shi ma galahanga gare shi har kake cewa ya gado ka, bana aka mai da katinsa ɓangaren manya. Na yi maka alkawari, duk ranar da na kai shi, ƙafata ƙafarsa. Sai dai a fitar da ni da ƙarfi, kuma in an fitar da ni ta ƙofa zan yi magana ta taga.

Allah Ya jiƙan ka, ƙanina, Ya sa kabarinka ya zama wurin natsuwar da ka rasa a nan. Ina yi wa 'yan'uwa da maƙwabta ta'aziyya. Allah Ya ba Mama haƙuri, don har yanzu da safe takan kasa kunne kafin ta ɗora ruwan zafi.