Karramawar da Ta Hana Inna Tallafi

Shekaru sun ɗan ja, amma akwai wata ranar Laraba da na san ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Ba haɗari aka yi ba, ba gobara ba. Baƙi biyu ne suka shigo gidanmu na Gulma, suka zauna abin da bai kai awa ɗaya ba, suka ci abinci, suka yi godiya, suka tafi. A ranar, ni a ganina na yi abin kirki.

Lokacin ba a daɗe da cire tallafin man fetur ba, kuma duk wanda ya rayu a ƙasar nan ya san yadda kaya suka tashi. Ni ɗan kabu-kabu ne a Birnin Kebbi, ina haya a Badariya da matata da 'ya'yanmu. Mutanen da na saba ɗauka zuwa kasuwa da wurin aiki suka koma tafiya a ƙasa. Sai ka wuni kana zagaya gari, man da ka ƙona ya fi abin da ka samu.

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, tana Gulma tare da ƙanwata, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Mahaifinmu masunci ne kuma manomin shinkafa, ya daɗe da rasuwa. 'Yar gonar fadama da ya bari ita ke riƙe da gidan, sai ambaliya ta cinye shinkafar wannan shekarar tun ba ta fitar da kai ba. Ga Inna da hawan jini, kullum sai ta sha ƙwaya, maganin kuma duk zuwan da na yi kemis sai in tarar ya ƙara kuɗi. Da, duk Juma'a nake zuwa in kai musu abin da ya samu. Daga baya ya koma sati biyu, har ya kai sai wata ya zagayo. Idan na kira na tambayi Inna yaya gida, amsarta ɗaya ce: "Lafiya lau muke, ka ji da iyalinka." Ni kuma ina karɓar amsar, domin ita nake son ji.

Wata Lahadi ƙanwata ta kira ni, muryarta da ɗan farin ciki.

"Yaya, mai unguwa ya aiko. An ba da sunan Inna cikin waɗanda gwamnati za ta riƙa ba tallafi. Ran Laraba mutanen za su taho su ga gida."

Na yi hamdala. Abin da na fahimta shi ne magana ta riga ta ƙare, suna ya shiga, zuwan da za su yi na ganin ido ne kawai. Ban tambayi kowa ba. Da na tsaya wurin mai unguwa na minti biyar, da ya gaya mini cewa shi sunaye kawai ya bayar, kuma abin da waɗannan baƙin suka gani da abin da aka gaya musu shi zai raba wanda za a ba da wanda za a bari.

A gidanmu an tashe mu a kan cewa baƙonka annabinka. Mahaifinmu ko kifi ɗaya ya kamo, idan baƙo ya shigo, na baƙo ne. Na kuma yi tunanin ma'aikacin gwamnati idan ka karrama shi ba ya manta ka. Waɗannan su ne dalilan da na faɗa wa matata. Akwai na uku da ban faɗa wa kowa ba, sai yau. Baƙin daga Birnin Kebbi za su zo, garin da nake yawo a kan babur kowa yana ganina. Ban so wani ya shiga gidan uwata ya ga katanga a zube, ya ga rumbu wayam, gobe ya gan ni a bakin hanya ya ce wancan ne ɗanta.

Ranar Talata ban fita aiki ba. Na ari kujerun roba huɗu da kafet wurin maƙwabcina, na sayi shinkafa kwano biyu da mangyaɗa da abin da na tara a satin, na ɗaure duka a bayan babur na kama hanya. Da na isa, na sa aka kawo sabuwar zana muka rufe wurin da katanga ta faɗi. Ƙanwata ta share gida tas, ta yayyafa ruwa. Rumbun da ba komai a ciki na gyara masa hula, ya zauna kamar an cika shi jiya. Da safiyar Laraba na je bakin gulbi na samo tarwaɗa manya guda biyu wurin wani abokin mahaifinmu. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kallonmu.

"Duk wanga aiki na mine ne?" ta tambaye ni.

"Inna, manyan baƙi ne. Kada su raina mu."

Sai ta ce, "To, Allah shi yi albarka." Ta shiga ɗaki ta fito da atamfar da take ajiye wa biki ta ɗaura.

Wajen hantsi suka iso, namiji da mace, kowanne da 'yar na'ura mai kama da babbar waya a hannu. Matar ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, mai fara'a ce, ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna. Muka zaunar da su a kan kujeru, aka kawo shinkafa da miyar kifi. Suka ce sun ƙoshi, na rantse sai sun ci. Suka ci, namijin yana cewa rabonsa da kifi irin wannan ya daɗe. Yaran ƙanwata kuwa an tura su maƙwabta tun da safe, don kada su tsaya suna kallon bakin baƙi.

Sai matar ta fara tambayoyi, namijin yana zagaya tsakar gida yana dubawa yana latsa na'urarsa. Mutum nawa ne a gidan, ɗaki nawa, ina ake ɗebo ruwa. Akwai awaki huɗu ɗaure a gindin darbejiya. Ba na Inna ba ne, na wata maƙwabciya ne da ba ta da fili, Inna ke riƙe mata su. Mutumin ya nuna su.

"Inna, waɗannan na gidan ne?"

"Abin da ke cikin gida ai na gida ne, ɗana."

Haka tsofaffinmu suke magana. Ba ƙarya take nufi ba, a wurinta rashin kunya ne ka tsaya gaban baƙo kana rarrabe wannan nawa ne, wancan na wance ne. Na ji, na san ba daidai ba ne, ban gyara ba. Ya latsa ya wuce.

Matar ta matso da kujerarta kusa da Inna, ta sassauta murya.

"Inna, a satin da ya wuce, akwai ranar da kuka wuni ko kuka kwana ba ku ci abinci ba?"

Inna ta ɗago kai ta dube ni. Ina tsaye a bakin zaure, hannuna a aljihu. Wannan kallon shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai cikin duk abin da ya faru. Yanzu na gane izini take nema. Ni kuwa sai na yi dariya na ce, "Haba, Allah shi kiyaye. Ina raye?"

Matar ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Inna, ke nake tambaya. Ki faɗi yadda abin yake, ba abin kunya ba ne. Don haka aka aiko mu."

Inna ta gyara mayafinta ta ce, "Ɗiyata, mun gode Allah. Ga ɗana nan, yana aiki Birnin Kebbi. Bai taɓa barin mu da yunwa ba."

Na ga ƙanwata ta juya ta shige ɗaki. Matar ta ɗan jima tana kallon Inna, sannan ta rubuta abin da aka gaya mata. Me za ta yi? Ta ga kafet, ta ga kujeru, ta ga awaki, ta ci kifi. Da za su tafi har na raka su bakin hanya ina ce musu a gaida manya.

A ranar sun shiga gidan wani dattijo maƙwabcinmu. Shi ya buɗe musu rumbunsa, ya kifar da tukunya a gabansu, ya nuna musu inda ruwa ke zuba a ɗakinsa, har ya yi hawaye. Da yamma a majalisa ana ta yi masa dariya, ana cewa ya zubar da girmansa saboda kuɗin gwamnati. Ina cikin masu dariyar.

Watanni suka shuɗe, sai aka yi shela cewa waɗanda aka ɗauka su je Argungu su karɓi katin tallafin. Na zo na ɗauki Inna a babur tun da sassafe. A hanya tana ta lissafa abin da za ta yi: magani da farko, sai gero, in ya ragu ta saya wa ƙaramar jikarta takalmi. Muka tarar da fili cike da tsofaffi da mata masu goyo, rana tana dukan kowa. Na samo mata inuwa a jikin bango, ni na bi layi. Aka duba takarda ta farko, ta biyu, ta uku. Babu sunanta. Dattijon nan da muka yi wa dariya ya wuce ta gabanmu da katinsa a hannu, ya tsaya ya gaida Inna.

Ina cikin ɗaga murya ina cewa an yi mana zalunci, sai na ga matar da ta zo gidanmu a bayan teburi. Ta gane ni. Ta jawo ni gefe, ta yi mini bayani a hankali, ba tare da faɗa ba. Ta ce su ba su ke zaɓa ba, abin da suka rubuta shi ake aunawa, a fara da gidajen da suka fi shiga matsi. Gidanmu kuwa an rubuta yana da dabbobi, yana da mai ciyar da shi daga birni, kuma ba a taɓa kwana da yunwa ba.

"Malam, na tambaye ta sau biyu," in ji ta. "Na ga idonta. Amma ba ni da ikon rubuta abin da ba a faɗa mini ba."

Na tambaye ta ko za a iya gyarawa. Ta ce sai in an sake zagayowa rubuta sunaye, kuma ba ta san yaushe ba.

Na koma wurin Inna na rasa ta inda zan fara. Ita ta sauƙaƙa mini. Ta dafa bango ta miƙe ta ce, "Ba rabonmu ba ne. Mu tahi, kada rana ta yi maka." Har muka isa Gulma ban ji ta sake ambaton takalmin ba.

A ranar ne ƙanwata ta same ni a zaure ta gaya mini abin da ya kamata in sani tun da daɗewa. Ta ce tun bayan ambaliya sau ɗaya suke ɗora tukunya a wuni, wani lokaci ko ɗaya babu. A satin da baƙin suka zo, kwana biyu Inna kunu kawai ta sha, ta bar wa yara tuwon.

"Don mi ba ki gaya mini ba?"

"Ta hana ni, Yaya. Ta ce kai ma da kyar kake."

Daga nan na ƙara ƙoƙari iya ƙarfina. Na koma zuwa duk sati, ko da garin rogo ne. Amma kaya ba su daina tashi ba, kuma abin da babur ke kawowa bai ƙaru ba. Duk lokacin da na tambayi Inna ko magani ya ƙare, sai ta ce da saura. Na yi mamakin yadda yake daɗewa, amma ban bincika ba, domin daɗewar tasa sauƙi ce a gare ni.

Da damina ta kama, wata safiya ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye. Muka kai ta asibiti a Argungu, ta kwana huɗu ba ta magana, a na biyar Allah ya karɓi abinsa. Bayan addu'ar bakwai, ƙanwata tana kwashe kayan ɗakinta ta samu wani ƙullin leda a ƙarƙashin katifa. Ƙwayoyin hawan jini ne, kowace an raba ta biyu da reza. Rabi take sha, wani lokaci ma ta tsallake rana, don kada ta ce mini in sayo.

Ni musulmi ne, na san kwana idan ya ƙare babu katin da zai ƙara shi. Ba na kuma cewa kuɗin tallafin nan masu yawa ne, waɗanda suka samu ma suna cewa ba ya kai su ko'ina, wani lokaci a daɗe bai shigo ba. Amma zai sayi magani cikakke. Ba na zargin ma'aikatan, sun tambaya, an ba su amsa. Ba na zargin Inna, ta yi abin da kowace uwa ta garinmu za ta yi idan ɗanta yana tsaye a kanta gaban baƙi.

Abin da na koya, na koye shi da tsada. Tsofaffinmu ba za su taɓa buɗe baki su ce suna jin yunwa ba, musamman idan faɗin zai nuna gazawar 'ya'yansu. Saboda haka nauyin faɗin yana kanmu. Idan abin ya fi ƙarfinka, kai ne za ka fara cewa ka gaza, da bakinka, a gaban duk wanda zai iya taimakawa. Na ɗauka asirin gidanmu nake rufawa, ashe nawa nake rufawa, ita kuma ta biya da cikinta da lafiyarta ba ta ce uffan ba. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa ta cikin addu'a. Allah ya jiƙan Inna, ni kuma ya yafe mini.