Kaset ɗin da Ilu ya ƙi gogewa

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Ilu, abokin aikina a turin arabiyya, wato keken nan da ake ɗora tsofaffi a yi musu ɗawafi da sa'ayi. Kowa ya ɗauka ni zan riga shi, saboda hawan jini da son kitse. Ga ni nan har yau ina cin rabona, ina ƙarawa da nasa. Ku yi haƙuri da rubutuna. Allo na yi, shi ma ban yi nisa ba, boko kuwa a jikin kwalaye na tsince shi.

A zamaninmu babu waya a aljihun kowa. In kana son gaida gida, kaset za ka samu ka yi magana a ciki, ka ba alhazan da za su koma Kano. Wata rana Ilu ya sayo tsohon kaset a kasuwar gwanjo ta Jidda don ya goge ya yi wa mahaifiyarsa sallama. Kafin ya danna, sai ya ce bari ya ji abin da zai goge, kada ya zama karatu ne. Ba karatu ba ne. Kiɗan mutanen Amurka ne da ake kira jaz, na zamanin da ake tara masu busa da yawa, ganga tana jan ragama. Mahaifiyarsa dai a wani kaset ta sami gaisuwarta.

Abin da ya kama Ilu shi ne ba a ɗaki aka ɗauki kiɗan ba, a gaban jama'a ne. Kana jin tafi, kana jin kofuna suna karo, har da wani mai tari da na tabbata shi ma ya daɗe da bin Ilu. Akwai wurin da masu busa duk suke yin shiru su bar ganga ita kaɗai. Tana cikin zuba sai wani ya kurma ihu daga cikin taron. Nan Ilu yake ɗaga yatsa.

"Ka ji, Tanko? An taɓa takensa. Mai take ba ya iya yin shiru."

Yaran yanzu ba su san take ba. A ƙasar Hausa makaɗi yakan ba mutum kiɗansa na kansa, gangar ta kira shi kamar da baki, ko yana bayan gari ya ji ya san da shi ake. Ilu ya haƙiƙance haka ake yi a Amurka. Har Hausa yake ji a cikin gangar. Akwai inda ya rantse cewa take yi, "Tanko ya ƙoshi, Tanko zai kwanta." Na yi musu, na yi musu, amma tun da ya faɗa ban sake jin wani abu a wurin ba sai wannan. Mun kuma yi ittifaƙi, ni da shi, cewa makaɗa uku ne suke aikin, don hannu biyu ba za su iya ba.

Bayan la'asar muke sauraro, a ɗakinsa na unguwar Misfala, ƙofa a rufe, murya ƙasa ƙasa kamar masu raba naman sata. A lokacin kiɗa ba abin fitarwa ba ne a Makka. Amma Ilu yana da dalilin da ya fi wannan. Mahaifinsa makaɗin kalangu ne na mahauta, kakansa ma haka, shi kansa ya riƙe gula, sandar kiɗan, kafin ya zo aikin Hajji ya zauna. Da ya ga yadda ake tonon asali in an zo neman aure, ko a nan cikin 'yan uwanmu, sai ya binne maganar. Ya ce wa kowa mahaifinsa falke ne. Ni kaɗai na sani, ya kuma ce kada 'ya'yansa su ji daga bakina. Na riƙe, duk da cewa bakina bai shahara da riƙo ba.

Yanzu ɗakin nan babu shi, otal ya hau kansa. Kiɗan da muke rufe wa ƙofa kuwa ana taruwa a Jidda a saurare shi a fili, har a yi tafi. Nakan tambayi kaina me Ilu zai ce. Ina jin ba murna zai fara yi ba. Zai fara tambaya ne ko makaɗan suna sanin mutanen da suke yi wa kiɗa.

Kwanakin baya babban ɗansa Hamza ya gayyace ni gidansa a unguwar Utaibiyya. Haihuwar nan ne, ma'aikaci, ya fara furfura, Hausarsa rabi Larabci ce. Ya tsinci kaset ɗin a akwatin uban, ya sa wayarsa ta saurara, ita kuma ta nemo masa makaɗin har da hotonsa mai motsi. Jama'a, mutum ɗaya ne! Yana zaune a kujera, ganguna sun kewaye shi, hannu na aiki, ƙafa na aiki, yana dariya. Da Ilu ya gani, cewa zai yi wannan ya danne abincin mutum biyu.

Sai Hamza ya ajiye wayar.

"Ya Ammi," in ji shi, wato baffa da Larabci, "Baba ko rediyo ba ya bari mu kunna. Me ya haɗa shi da wannan?"

Na kurɓi shayi, na ƙara kurɓa, har kofin ya ƙare ina kurɓar iska. Alkawari na gefe guda. A ɗaya gefen ga ni da shekaruna, in na tafi da maganar babu wanda zai sake faɗarta, Ilu ya zama ɗan fatake har tashin ƙiyama. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na ce, "Ɗana, kakanka makaɗin kalangu ne. Ubanka ma gwani ne."

"Kalangu ya'ani me?"

Na ɗauki matashi na maƙale a hammata, na ɗauki cokali, na nuna masa yadda ake matsawa ganga ta canza murya. Matarsa ta leƙo ta koma da sauri. Na yi masa bayanin take gwargwadon iyawata. Can sai ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa tebur, wani ɗan salo gajere.

"Wannan nawa ne," in ji shi. Ya sake wani daban. "Wannan na Maryam." Ya sake. "Na auta. In zai tashe mu sallar asuba ba ya kiran suna. Ƙofa yake bugawa, kowa ya san nasa. Mun ɗauka kowane gida haka ake yi."

Ni da nake taƙama na san sirrin Ilu duka, wannan ban taɓa sani ba. Mutumin da ya jingine gula don kada a goranta wa 'ya'yansa, ashe kullum da ita yake tashinsu.

Da zan fita Hamza ya riƙe hannuna ya ce, "Ammi, don Allah surukaina kada su ji tukuna." Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, har a wajen ɓoyo. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Ilu laƙabi ne da mu biyu muka sani, sunayen yaran ma na sauya, surukan nasa kuwa ba sa karanta Hausa.

Ilu bai bar gida ba, bai bar shago ba, kalangu ko ɗaya bai mallaka a ƙasar nan ba. Ya bar mutum uku da kowannensu yake da kiɗan da babu mai shi sai shi. Allah ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa, ni ma ya yafe mini sakin baki. Hamza ya ce har yanzu in wani ya buga ƙofar ofis ya yi kusa da salon nasa, sai ya ga ya miƙe tsaye kafin ya tuna.