Malam Hayatu da Dokar Gindin Tsamiya

Yaran babban aji na makarantarmu 'ya'yan malamai ne da 'ya'yan fatake na cikin birnin Sakkwato, sai 'yan kaɗan da aka kawo daga Wamakko da ƙauyukan bakin gulbi. Ba su rasa kai ba, don yawancinsu sun sauke Alƙur'ani kafin su taɓa alli. Kalmomin Turanci kuwa suna haddace su kamar yadda suka saba hadda. Abin da suka rasa shi ne baki. In Baturen makaranta ya yi musu tambayar da ba ta cikin littafi, sai kowa ya sunkuyar da kai yana duban yatsun ƙafarsa.

Malam Hayatu ne ya buɗe bakin nan. Bana yake ajiye alli, gashi ya yi fari, ido ya fara gajiya, shi ya sa ya kamata a faɗi aikinsa yana ji da kunnensa.

Kullum in ya idar da wuridin safe, yakan biyo ta kasuwa a ƙasa, yana gaisawa da masu shimfiɗa kaya. Duk abin da ya gani a hanya, da shi zai shiga aji. Ran da ya zo da albasa, ranar Turancin albasa za a yi: wa ya shuka, wa ya saya, me ya sa take sa hawaye. Shi kansa a Lakwaja ya tsinci harshen, lokacin da ya bi wani kawunsa fatauci bayan ya yi nisa a Larabci. Bai taɓa ɗaga murya a aji ba. Yaro ya yi kuskure, sai ya ce, “Madalla, ka kusa. Sake.”

Ran Alhamis da la'asar yakan tara su a gindin tsamiyar bayan aji, ya raba su biyu, a yi muhawara da Turanci. Raƙumi da jaki, wanne ya fi amfani? Noma ko fatauci? A nan ne Maigandi, ɗan Wamakko, ya tashi kare jaki, yana so ya ce yana da jaki, sai harshe ya zame ya ce shi jaki ne. Aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Malam Hayatu ya jira aka lafa, ya ce, “To, ga mai shaida daga cikin gida. Ci gaba, Maigandi.” Ya ci gaba kuwa, kuma ɓangarensa ne ya ci.

Doka ɗaya ce a gindin tsamiyar. Ba ka da izinin mayar wa abokin hamayya magana sai ka maimaita abin da ya faɗa, da Hausa, har ya yarda da bakinsa ya ce, “Haka nic ce.” In bai yarda ba, ka sake. Yara sun ƙi jinin dokar nan da farko, don kowa amsarsa ce ke ƙaiƙayin bakinsa.

A cikinsu akwai Siddiƙu, ɗan Malam Lawwali, malamin fiƙihu da ake ɗaukar karatu a zaurensa. Siddiƙu yaro ne mai shiru, amma Alhamis ita ce sallarsa. Wata rana shi da abokinsa Abdulwahabu suna zaune a bakin zaure suna gwada Turancinsu, wani abu ya ba su dariya, suka tuntsire. Malam Lawwali yana ciki da littafi a hannu. Ya ɗago ya dube su. Kashegari ya aika wa Siddiƙu ta bakin mahaifiyarsa cewa makon nan ne na ƙarshensa a makarantarmu. Zai tura shi Gwandu wurin baffansa, ya yi karatun da aka gada.

Siddiƙu ya zo taron Alhamis da ido jajir. Ana tsakiyar maganar raƙumi da jaki, wadda aka sake ɗaukowa don ba ta taɓa mutuwa ba, sai ga Malam Lawwali da sandarsa da buzunsa. Aka shimfiɗa masa buzun. Ya zauna har aka gama, bai ji ko kalma ɗaya ba sai wurin da ake maimaitawa da Hausa. Malam Hayatu ya sallami sauran yara, ya durƙusa ya gaishe shi.

“Malam Hayatu, kai na anka ce kana tara ɗiyan mutane kana koya musu musu?”

“Allah shi gafarta Malam, musu ai da shi sunka zo daga gida. Ni saurare nika koya musu.”

Tsohon ya ɗan murmusa, sannan ya gyara zama ya zuba hujjojinsa. Harshen Nasara ba a tambayarsa a kabari. Yaron da ya saba mayar da magana a gindin itace, gobe a gaban manya zai mayar. Ilimin gidansu kuma ba a bar wa kowa ba sai “yaron ga”, wato Siddiƙu, wanda ba ya kama sunansa don ɗan fari ne.

Malam Hayatu bai amsa ko ɗaya ba. Ya ce, “Malam, ina roƙon alfarma guda. Ka bari yaron shi maimaita abin da kac ce. Ba amsa za shi ba ka ba, Allah shi kiyaye. Maimaitawa kawai.”

Siddiƙu ya durƙusa, kai a ƙasa, ya jero hujjojin nan uku daidai, bai rage ba bai ƙara ba.

“Haka kac ce, Malam?”

Malam Lawwali ya shafa gemu. “Kalmomina na. Amma da saura.”

“Madalla, ka kusa,” in ji Malam Hayatu. “Sake.”

Siddiƙu ya rasa abin da ya bari. Ya bi maganar daga farko har ƙarshe a zuciyarsa, babu abin da ya faɗi ƙasa. Can sai ya tuna bakin zaure, da yadda mahaifinsa ya ɗago kai daga littafi. Ya ce, “Baba ba shi so a yi magana cikin gidanshi, a yi dariya, shi yana zaune bai ji abin da anka ce ba.”

Malam Lawwali ya daɗe yana zane ƙasa da bakin sandarsa.

“Haka nic ce,” ya ce a hankali. Ya yunƙura ya miƙe, ya dubi Malam Hayatu, ba ɗansa ba. “Shi zauna. Amma duk Alhamis in ya taso, shi zo zaure shi hwaɗa min abin da anka yi, duka, da Hausa. Har na jakin.”

Haka aka yi. Ba a daɗe ba Malam Lawwali ya fara aiko da saƙo cewa an zalunci masu raƙumi, don ba wanda ya ambaci nononsa. Almajiransa ma suka riƙa jinkirta tashi ran Alhamis, su ji wa ya ci.

Malam Hayatu, kai ne inuwar tsamiya, mai sanyi ga wanda ya zo da zafi. Kai ne ka koya wa yaranmu harshen baƙi ba tare da ka raba su da iyayensu ba. Maigandi yau tafinta ne a kotu, kuma masu ƙara suna cewa ba ya juya maganarsu sai ya tabbatar ita ce suka faɗa. Siddiƙu yana koyar da ƙaramin aji da safe, da yamma yana ɗaukar fiƙihu a zauren mahaifinsa. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sa hutun nan ya zo da lafiya. Mu da muka rage da alli a hannu, mu yi koyi da shi: mu rage sauri wajen amsa, mu bar yaro ya sake.

Siddiƙu ne ya ba da labarin nan da bakinsa. Ya ce a ranar, yana biye da mahaifinsa zuwa gida riƙe da buzu, ya gane cewa wanda ya iya harshe biyu, shi ke da nauyin kada a bar kowa zaune bai ji ba.